Kalmar da Malam Ba Ya Faɗa

Ranar da muka dawo daga wurin likitan ido, Malam bai cire hula ba, bai nemi ruwa ba. Ya wuce ɗakinsa, ya ɗauko ordinatar tasa, wato kwamfuta, ya dire ta a kan teburin da nake yankan yadi, ya ce, "Hajiya, ture tsummokaran nan gefe. Daga gobe kin shiga lakwal."

Malam mijina ne, mun haura shekara arba'in tare a cikin Birni. Likitan bai ɓoye mana komai ba. Hawan jinin ido ne. Na hagu ya riga ya tafi, na dama kuwa maganin ɗigawa zai ja masa lokaci ne kawai. Ni duk hanya hawaye nake haɗiyewa, ashe shi mutumin darasi yake tsarawa a ransa.

Na ce, "Haba Malam! Ni da ko wayata sai an nuna min inda ake dannawa? Ka bari yaran su zo mana."

Ya ce ƴaƴan namu mata biyu, ɗaya tana Yamai ɗaya tana Maraɗi, kowace da gidanta da hidimarta, ido kuwa ba zai jira hutun kowa ba.

Abin da ke cikin ordinatar shi ne damuwarsa. Mahaifin Malam baduku ne, a zaurenmu ɗin nan ya yi aikin fata har ya rasu. Shi Malam lakwal aka sa shi, wato makarantar boko, ya ƙare aikinsa tsakanin wayoyi da injuna, bai taɓa riƙe basilla ya huda fata ba, kuma abin yana cin sa. Da ya ajiye aiki sai ya shiga bin tsofaffin dukawa zaure-zaure, yana tambayarsu sunan kowane kayan aiki, kowane ɗinki, kowane zane, da yadda ake haɗa kowane rini. Shekara tara yana wannan. Mafi yawan tsofaffin nan sun riga mu gidan gaskiya. Rabin abin da suka gaya masa yana cikin ordinatar, rabin yana cikin littattafan ƴan lakwal guda bakwai, da rubutunsa mai kama da tafiyar tururuwa wanda ni kaɗai nake iya karantawa. Idan idon ya rufe ban iya ba, shi ke nan, aikin ya zauna a kulle.

Ni maɗinkiya ce. Karatuna ya tsaya a aji shida, ina karanta Hausa sarai, Faransanci kuwa na kasuwa da na asibiti. Da safe ya kunna abin, ina jira in ga furanni da hotuna irin na cikin ordinatar ƴarmu, sai na ga allo baƙi ƙirin da wani ɗan fari-fari yana ƙifta min ido a kusurwa.

Na ce, "Ta lalace ne?"

Ya ce, "Lafiyarta ƙalau. Jira take ki yi magana."

Ya yi min bayani cewa abin da ke tafiyar da tasa ba irin na sauran mutane ba ne, ana ce masa Linux. Ba a sayensa, kuma ba wanda zai ce nasa ne shi kaɗai. Mutane ne a ƙasashe daban-daban suke haɗuwa suna gina shi, kowa ya kawo abin da ya iya. Na ce, "Kyauta? Turawa?" Ya yi dariya har da tari. Ya ce in ɗauka riga ce aka ba ni, aka kuma ce in juya cikinta in ga yadda aka yi ɗinkin, in na ga dama in farke in sake, in ba wata ita ma ta gyara. Wannan kam na gane, don rabin abin da na iya a ɗinki ta juya rigunan mutane na koya.

Akwai wajen hotunan ma, ya nuna min, da ɗan ɓeran da ake ja a kan tebur. Amma ya ce sai na fara iya magana da baƙin allon, don ranar da komai ya ƙi, shi ne ke amsawa.

To fa, nan aka fara. Kullum bayan karin kumallo, kafin zafi ya taso, muna zaune kafaɗa da kafaɗa. Ya koya min haruffa biyu da ake bugawa ta lissafo duk abin da ke inda kake, na sa musu suna "leƙa". Wasu biyun kuma su kai ka wani wuri, na ce musu "shiga ɗaki". Akwai na kwafa, akwai na gogewa, wanda ya ce min in ji tsoronsa kamar almakashi a kan shaddar mutane, in ya yanke ba a mayarwa. Duk na rubuta su a bayan littafin awon kwastomomina, ƙarƙashin ƙugun wata da hannun wata.

Wallahi satin farko na sha wuya. Da yatsa ɗaya nake bugawa, ina neman harafi kamar na yar da allura. In na sa babban baƙi inda take son ƙarami, sai ta ce min da Faransanci wai ba ta san wannan magana ba. In na manta tazara, ba ta sani ba. Wata rana na buga abu ɗaya sau biyar tana musa min, na miƙe na ce, "Malam, ɗauki kayarka. Ni ban taɓa ganin abu mai taurin kai irin wannan ba."

Ya ce, "Ni na gani. Shekara arba'in ina zaune da shi."

Na harare shi, sannan na tuna ba ya ganin harara daga wannan gefen. Sai na koma na zauna. Wannan abin ya fi komai karya min zuciya a kwanakin nan, in yi masa wani abu da fuska kamar yadda na saba, ya wuce bai gani ba.

A hankali dai hannu ya fara sakewa. Ranar da na shiga ɗaki cikin ɗaki har uku ban tambaye shi ba, na buɗe wajen da ya rubuta yadda ake haɗa kuloko, baƙin rinin nan na dukawa, na yi guɗa ni kaɗai a tsakar gida. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambaya ko haihuwa aka yi. Na ce mata a'a, fayil na buɗe. Ta dube ni ta koma, na san ta ce tsufa ya fara taɓa ni.

Cikin bazara fankar cikin ordinatar ta fara kuka kamar keken da ya sha ƙura. Malam ba ya iya ganin ƙananan kusoshi kuma, sai na naɗe ta a zane na hau kabu-kabu zuwa wurin mai gyara a unguwar Zango. Mai gyaran ya buɗe ya hure ta, ya kunna, ya ga baƙin allo ya yi tsaki. Ya ce, "Hajiya, wa ya sa miki wannan wahalar? Bari in goge in sa miki irin na kowa, yanzun nan."

Ban san lokacin da na dafe murfin da hannu biyu ba. Na ce, "Ɗana, fanka na kawo maka. In ka taɓa abin da ke ciki, ni da kai sai an raba mu." Ya ɗaga hannu yana dariya yana ba ni haƙuri, shi da nufin taimako ya faɗa. Amma duk hanyar dawowa a ƙirjina na rungume ta. A ranar na sa Malam ya koya min kwafe komai a ɗan kile ɗin nan na adana bayanai da ake soka mata a gefe, na saka shi a gwangwanin maɓallan riga.

Daga nan muka shiga littattafan. Ni nake karantawa, ni nake bugawa, shi yana kishingiɗe yana gyara min. Da farko yana ƙara girman haruffa yana matso da fuska har hancinsa ya kusa taɓa allon. Daga baya ya daina matsowa, ya ce in karanta masa kawai. Na karanta masa yadda ake jiƙa bagaruwa, da yadda ake fitar da ja daga karan dafi. Wani wurin sai ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya. Wannan bakin babana ne, haka yake faɗa." Sai in sake karantawa a hankali. Na zauna da surukina shekara shida kafin ya rasu, ban taɓa haɗa ido da shi ba, sai ga ni ina ara masa murya.

Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai. Kullum in an kunna ta, takan nemi suna, sannan ta nemi kalmar sirri. Sunan na sani, baduku ya sa. Kalmar ce ban sani ba. Da ta zo wurin sai ya jawo ta gabansa, ya ɗora yatsu ya buga da ka, don shi ba ya duban kilabiye, wato jerin maɓallan haruffan, tun yana aiki, sannan ya turo min. Haka kuma in za a canza wani babban abu a cikinta ta nema.

Na ce, "Malam, kalmar fa?"

"Da saura."

Bayan sati biyu na sake tambaya. Ya ce, "Za a zo wurin."

Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Mutumin da na san inda yake ajiye takardar gida, na san ciwon da bai gaya wa ƴan'uwansa ba, shi ne zai ɓoye min kalma ɗaya? Kuma me amfanin duk wahalar da nake sha in ƙofar tana hannunsa? Na ce masa, "In ba ka yarda da ni ba ka faɗa." Ya ci gaba da murza carbinsa. Daga ranar, da ya jawo ta sai in juya masa ƙeya in kalli bango, da gangan, har da gyaran murya don ya san na juya.

Ana nan sai haruffa masu lanƙwasa suka ishe ni. Maganar dukawa cike take da ƙa da ɗa da ɓa, kilabiyen kuwa na Faransanci ne, babu su. Malam yana da dabararsa, sai ka danne maɓalli uku a tare, ni kuwa yatsuna sun ƙi. Lokacin na fara ƙarfin hali, ina shiga wajen hotunan ina leƙe-leƙe in ya tafi masallaci. Wata la'asar na tarar da jerin harsuna, ina gangarawa sai ga Hausa. Ikon Allah! Wasu bayin Allah da ban sani ba sun zauna sun yi mana namu. Na zaɓa, ta tambaye ni ko a sa shi ko'ina, na ce eh, ta nemi kalma. Da ya dawo na ce masa tana nema, ya jawo ya buga, bai tambayi me nake yi ba.

Ga ƙa, ga ɗa, ba wahala. Sai dai na lura wasu haruffan sun yi ƙaura. In na danna inda aka zana a, sai q ya fito, shi a ɗin ya koma layin ƙasa. Na ce wannan mai sauƙi ne, na yanko ƴan takardu na rubuta haruffan na liƙa a kan maɓallan da suka koma. Na buga shafi huɗu ranar, ina jin kaina, ina shirin in ba shi mamaki in na gama littafin. Ko kaɗan ban kawo a raina cewa ƙaurar ta kai har bakin ƙofa ba.

Washegari da safe ya kunna, ya jawo, na juya na kalli bangona. Na ji bugun yatsunsa, na ji shiru. Ya sake. Shiru. Ya ce, "Hajiya, ta buɗe?" Na waiga da wutsiyar ido na ce ta koma farko, na sake juyawa. Ya buga na uku a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya janye hannuwansa ya ɗora a cinya.

Da na juyo sosai na ga fuskarsa, duk fushina ya zube. Ko a gaban likita ban ga wannan fuskar ba. Ya ce, muryarsa can ƙasa, "Ido ya tafi, yanzu kuma hannu. Ko kaina ne ya fara? Ni zan manta wannan kalmar?"

Na ce, "Sake bugawa, ina kallo."

Bai musa ba. Ya ɗora yatsu ya buga sunan, ina kallon allon, sai ga shi ɓaro-ɓaro: bqduku.

Na dafe kai na ce, "Innalillahi! Malam, ba kai ba ne, ni ce. Wallahi ni ce." Na kwashe duk abin da na yi jiya na gaya masa, ina haɗa magana da rantsuwa. Ya shafa kilabiyen ya ji ƴan takarduna, ya ce dama ya ji wani abu a ƙarƙashin yatsunsa, ya ɗauka datti ne. Sai ya fara dariya. Ya yi ta yi har hawaye suka zubo, ni kuma na kasa gane inda dariyar ta ƙare. Ya ce, "Wato har kin kai ki sauya min gida ban sani ba. Lallai kin iya."

Na ce ya kawo hannunsa in ɗora masa a inda haruffan suka koma. Ya girgiza kai. Ya tura ordinatar gabana da hannu biyu.

"A'a. Yau an nuna min. Da kaina ne ya tafi da gaske, da shi ke nan. Ki buga."

Na buga baduku daidai. Ta nemi kalma. Na ce, "To, faɗa."

Ya juya fuska wajen ƙofa. Can ya ce, "Kin san ta. Kin fi kowa saninta."

"Malam, ni ba na duba."

Ya ce, "Sunan yaron nan ne."

Ɗa namiji ɗaya muka taɓa haifa, shi ne na fari. Sunan mahaifin Malam aka sa masa. Ɗan fari ne, kuma sunan suruki, ta ina zan kama shi? Ban taɓa faɗa ba ko sau ɗaya. "Kai" nake ce masa, in ina maganarsa in ce "yaron nan". Malam ma haka, sunan ubansa ne, ba ya iya furta shi. A gaban mutane ban ɗauke shi na yi masa wasa ba, kakarsa ce mai wannan. Yana da shekara huɗu ƙyanda ta shigo unguwa ta tafi da shi cikin kwana shida. Aka ce min in yi haƙuri, ɗan fari ne, kar a ga hawayena, na kuwa yi yadda aka ce. Da yana raye kunya ta hana mu kiran sunansa. Da ya tafi kuma sai muka rasa ta inda za mu fara, ni da Malam ba mu taɓa zama mun yi maganarsa ba.

Na ɗora yatsa. Ban taɓa rubuta sunan ba, sai da na tsaya na jera haruffan a raina, ga shi kuma dole in nemi kowanne a inda ya koma. Na buga uku na ɗaga kai, ba komai a allon, ko ɗigo.

Na ce, "Ba ta karɓa ba. Ban ga komai ba."

Ya ce, "Haka take. Tana ji, ba ta nunawa ne. Ci gaba."

Na ƙarasa, na danna babban maɓallin. Ta buɗe.

Ana ta sallama da tallar koko a waje. Na ce, "Tun yaushe?"

"Tun da na saye ta. Kafin ita ma, ta wurin aiki."

"Kullum da safe?"

"Kullum."

Na yi kuka ranar, irin wanda ban yi ba a wancan lokacin. Na ji haushin kaina, na ji tausayinsa, na kuma ji wani sanyi da ban san sunansa ba. Ina zaune a gefensa ina kallon bango ina hura hanci, ashe mutumin ɗanmu yake kira. Ya lalubo hannuna ya riƙe, bai ce in yi haƙuri ba.

Idon dama ya rufe kafin a gama girbin gero. Lokacin muna cikin littafi na shida, kuma ba abin da ya tsaya. Ni nake kunnawa, ni nake buɗewa, ni nake kwafewa a kile duk ranar Juma'a. Kilabiyen ma na bar shi a Hausarsa. Malam yana zama a inda ya saba, kunnensa ya yi kaifi har yana gane in na yi kuskure daga ƙarar bugun.

Wata safiya muna gab da gama na bakwai, na kunna, na buga baduku, na shiga buga kalmar. Ina danna babban maɓallin sai ya ce, "Hajiya."

"Na'am."

"A fili kika faɗa."

Na ce, "Na sani."

Ya gyara zama, ya juyo da kunnensa wajena. Ya ce, "To sake. Ban ji da kyau ba."